Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne

Tun da daɗewa ake cewa idan yaro ya fara fitsarin jini to ya balaga, wasu kuma su ce zafin rana ne. Ba abin mamaki ba ne a yi tunanin haka, domin yara masu tasowa su suka fi yawan wanka a dam da rafi, su ne kuma ciwon ya fi kamawa.

Amma wannan cuta ce, tsargiya. 'Ya'yan tsutsar da ke jawo ta na girma a jikin wasu ƙananan katantanwa da ke son ruwa mai kwanciya da ciyayi, irin na gefen madatsun Tiga da Bakolori da magudanan noman rani. 'Ya'yan tsutsar suna fitowa daga katantanwar su huda fatar mai wanka, ko wanki, ko kamun kifi. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin jini na mafitsara, ƙwayayenta ne ke jawo jinin, galibi a ƙarshen fitsari. In mai cutar ya yi fitsari a ruwa, sai ta koma ga katantanwa. Idan aka bar ta, tana iya lalata mafitsara da ƙoda.

Kowa zai iya dubawa: 'yan mata ma na kamuwa, haka magidanta masunta, alhali yaron da ba ya shiga irin wannan ruwa yakan balaga lafiya lau. A asibiti, gwajin fitsari kan nuna ƙwayayen, kuma akwai maganinta, praziquantel.

Don Allah a tura wa iyaye da malaman makarantun da ke kusa da ruwa.