Waiwaye: yadda kabon ya dawo fagen haɗa haidirojin farokzaid ta hanyar lantarki

Wannan ruwan da ake saya a kemis, a zuba wa ciwo ya yi ta kumfa, shi ne haidirojin farokzaid, kuma tun 1818 wani Bafaranshe Louis Thénard ya gano shi. Amma kusan duk wanda ake amfani da shi yau ana yin shi ne ta hanyar amfani da wani sinadari mai suna antarakwinon, dabarar da Riedl da Pfleiderer suka fito da ita a Jamus wajajen 1939, hanyar da ke buƙatar katafaren kamfani da iskar haidirojin da ƙarfen faladiyum mai ɗan karen tsada, sannan a kaurara ruwan har kashi 70 cikin ɗari a loda a tanka, alhali yawancin masu saye tsarma shi za su yi, ga haɗarin dako.

To abin mamaki a 1939 ɗin dai Ernst Berl ya nuna cewa in ka sa lantarki a kabon (sinadarin da ke cikin gawayi) cikin ruwan alkali (kishiyar asid, kamar ruwan kanwa), oksijin zai karɓi ilektaron biyu, wato ƙwayoyin lantarki, ya koma farokzaid. Har kamfanin Dow ya gwada irin wannan hanyar don farar da takarda, amma ba ta yi nisa ba.

Masu binciken batirin haidirojin kuwa kallon annoba suke wa farokzaid saboda yana cinye musu kayan aiki, su so suke oksijin ya karɓi ilektaron huɗu ya zama ruwa kawai. Sai daga baya aka ce ai wannan aibin ma haja ce. A 2013 'yan jami'ar DTU ta Denmak suka haɗa ƙarfen filatinam da makuri don yin farokzaid, ya yi aiki sosai, amma fa makuri guba ne, wa zai yarda a tsabtace masa ruwan sha da farokzaid ɗin da aka yi da shi?

Nan kabon ya dawo. A 2018 tawagar Yi Cui a Stanford ta dafa siraran bututan kabon cikin asid har oksijin ya manne a jikinsu, sai kusan kashi 90 na aikin ya karkata ga farokzaid, babu wani ƙarfe. A 2019 Haotian Wang na jami'ar Rice ya fitar da ruwan farokzaid marar gauraye mai kaurin da ya kai kashi 20 ta hanyar lantarki.

Sai dai har yanzu kabon ya fi ƙwazo a alkali, inda shi farokzaid ɗin yake saurin lalacewa, a asid kuma sai aikin kabon ɗin ya yi sanyi. Ga kuma gardamar da ba ta mutu ba, wasu na ganin ɗan burbushin ƙarfen da ya maƙale a kabon ɗin ne ke yin wani ɓangare na aikin.