Haɗa ƙananan motocin kwaikwayo

Haɗa ƙananan motocin kwaikwayo aikin hannu ne na nishaɗi, inda mutum yake sayen kwali cike da gutsattsarin roba ko ƙarfe, ya yanke su, ya goge, ya yi musu fenti, ya liƙa su har su tashi mota sak irin ta gaske, sai dai an rage girmanta bisa wani ƙayyadadden awo. Motar ba ta tafiya, kuma ba don wasan yara ake yin ta ba. Ajiye ta ake yi a kan kanta ko a akwatin gilashi ana kallo. Abin ya fi ƙarfi a Amurka da Japan da ƙasashen Turai, kuma a yau galibin masu yinsa manya ne, cikinsu har da masu furfura da suka fara tun suna yara a shekarun 1960.

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar langa-langa, da wadda ake yi da gwangwanin madara a yanka tsohon silifa a yi mata tayoyi. Sha'awar ɗaya ce. Amma yaro mai motar kara daga kansa yake fitar da siffar motarsa, shi kuwa mai wannan aiki awo ne ke juya shi: kowace taya, kowane madubi, kowace waya sai ta dace da ta ainihin motar da yake kwaikwayo.

Awo

Ana rubuta awon da lambobi biyu, misali 1:24, ma'ana santimita ɗaya a jikin ƙaramar motar yana matsayin santimita 24 a jikin babbar. A ɗauki Peugeot 504, fijon nan da aka shafe shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, wadda tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi. A awon 1:18 za ta fito santimita 25, a 1:24 kusan santimita 19, a 1:43 goma da 'yar ɗoriya, a 1:64 kuwa bakwai kacal.

Ba haka kawai aka tsinci waɗannan lambobi ba. Awon 1:24 rabin inci ne a madadin kowace ƙafa, lissafi mai sauƙi ga masu auna abu da inci. Awon 1:43 gado ne daga jiragen ƙasa na wasa na Ingila, domin motocin farko an yi su ne don a jera a gefen layin dogo su ƙawata tasha. Kamfanonin Amurka sun fi riƙe 1:25, na Japan da Turai kuma 1:24. Tazarar da ke tsakaninsu kashi huɗu ne cikin ɗari, ido ba ya kama ta sai an ɗauki injin ɗaya an nemi cusa shi a cikin ɗayar.

Tarihi

Motocin da ake zubawa da narkakken ƙarfe su suka riga zuwa. Kamfanin Meccano na Liverpool ya fito da Dinky Toys a 1934. Lesney na Landan ya biyo da Matchbox a 1953, motoci 'yan ƙanana da ake sayarwa a kwali mai kama da na ashana. Corgi ta zo a 1956 tana alfahari da cewa motocinta suna da gilashin taga, abin da Dinky ba ta da shi a lokacin, sannan Mattel na Amurka ya saki Hot Wheels a 1968. Waɗannan duka a haɗe ake sayen su, don haka sun fi zama abin tarawa, ko da yake akwai masu kwance su su kankare fentin su sake sabo.

Motar haɗawa ta roba kuwa daga shagunan dillalan mota na Amurka ta samo tushe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin mota sun riƙa ba dillalai ƙananan samfurori na motocin shekara, don a nuna wa mai saye launuka, a kuma miƙa wa ɗansa ɗaya ya tafi da ita gida. Kamfanin AMT, wanda aka kafa a jihar Michigan a 1948, yana cikin masu yin su. Na farkonsa da alminiyon aka zuba shi, daga baya aka koma roba. Tun da mazubin da ake zuba robar a ciki yana nan, sai dabara ta zo: a sayar da motar a warwatse mai saye ya haɗa da kansa. A 1958 AMT ya fito da kwalin da ake iya fitar da mota iri uku daga cikinsa, ko yadda ta fito daga masana'anta, ko wadda aka yi wa kwalliya, ko ta tsere. Wannan ya kama zukatan samarin Amurka ƙwarai. Revell na Kalifoniya da Monogram na Chicago da MPC da Jo-Han duk suka shiga kasuwar, shekarun 1960 suka zama lokacin da abin ya kai ƙololuwa.

A wannan zamani ne gam ɗin haɗawar ya jawo magana, domin wasu samari sun mai da shi abin shaƙa kamar yadda ake yi da sholisho. Aka kafa dokokin hana sayar wa yara a wurare da dama, kamfanin Testors ya zuba wa nasa man mastad mai yaji don ya gagari hanci, kamfanoni kuma suka ƙara fito da motocin da ake danna sassansu su kama ba tare da gam ba.

Daga nan tuta ta koma Japan, musamman birnin Shizuoka, gari mai tsohon tarihin sassaƙa da aikin katako. Kamfanonin Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi duk a wannan yanki suke, kuma da katako suka fara kafin roba ta zo. Tamiya ma, wanda Yoshio Tamiya ya kafa a 1946, asalinsa wurin yankan katako ne. A 1967 ya fito da motar tseren Honda RA273 a babban awon 1:12. Da zai yi Porsche 934 a 1976, sai kamfanin ya sayi Porsche 911 ta gaske, aka kwance ta ƙusa-ƙusa don a auna kowane sashe. Irin wannan naci ne ya sa sassan Tamiya suka yi suna wajen shiga juna ba tare da an sha wahalar sassaƙa ba. Wasu tsofaffin hannu ma har gori suke yi cewa wanda bai taɓa fama da tsohon kwalin Amurka mai karkataccen bodi ba, bai san aikin ba tukuna.

A Italiya, Pocher na birnin Turin ya bi wata hanya dabam: awon 1:8, mota mai tsawon fiye da rabin mita, sassan wasu sun haura dubu biyu, da noti da sukuru ake ɗaure su, wayoyin wili kuma ɗaya bayan ɗaya ake saƙa su.

Yadda ake haɗawa

Abin da ke cikin kwali shi ne bodin motar, da sassa a maƙale jikin firam ɗin roba, da gilasai, da tayoyin roba mai taushi, da sassa masu ƙyallin azurfa irin su bamba da wili, da takardar sitika, da takardar bayani. Mota ta awon 1:24 takan zo da sassa daga kamar hamsin zuwa ɗari da wani abu. Wasu ba su da inji sam, bonet a rufe yake, siffar waje da kujeru kawai aka kula da su.

Robar sunanta folistirin, narka ta ake yi a tura cikin mazubin ƙarfe da ƙarfi. Inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu sai ya bar siririn layi a jikin sashen, wanda babu shi a mota ta gaske. Aikin farko ke nan, a kankare shi da wuƙa, a bi da sanfefa. Gam ɗin wannan roba kuwa ba liƙi yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, kamar walda. Shi ya sa ba ya kama wurin da fenti ko ƙyalli ya rufe sai an kankare, shi ya sa kuma ɗigo ɗaya a kan gilashi ya isa ya lalata shi. Sufa gulu ma ba ta tsira ba, tururinta yana bar wa gilashi farin hazo, don haka farin gam irin na kafintoci, mai bushewa garau, ake sa wa taga da fitila.

Fenti shi ne inda ake gane gwani. Mai haɗa tankar yaƙi yana iya ɓoye kuskurensa a ƙarƙashin laka da tsatsa, amma mota mai sheƙi ba ta rufa wa kowa asiri. Matakan kusan irin na mai fentin mota ne a gareji: a cike ramuka da fila, a goge, a fesa fentin share fage, a fesa launi a hankali shafi bayan shafi, a rufe da fenti garau mai sheƙi, a bar shi ya bushe kwanaki, sannan a goge da jiƙaƙƙiyar sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi ƙwarai, a ƙarasa da man gogewa. Fentin iri uku ne, laka (wato lacquer, ba laka ta ƙasa ba) da inamel da akirilik, kuma tinar laka ta fi zafi. Idan aka fesa ta a kan inamel sai ya yamutse kamar fatar tsohuwa, wani lokaci ma ta ci robar kanta in ba a yi share fage ba. Da gwangwanin feshi ake yi, ko da ɗan bututun feshi mai kamar alƙalami da ake haɗawa da kwamfuresa. Tururin yana da illa ga huhu, sai a wuri mai iska da abin rufe hanci.

Abin da ba ya raguwa

Babbar matsalar wannan aiki ita ce an rage motar sau 24, amma ba a rage fenti ba, ba a rage ƙura ba, ba a rage yatsun mai aikin ba. Fentin da kaurinsa ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita a jikin ƙaramar mota, daidai yake da fenti mai kaurin kusan milimita biyu da rabi a jikin babba. Irin wannan kan cike tsagar ƙofa ya shafe rubutun sunan motar. Silin gashi ɗaya da ya faɗa a ɗanyen fenti tamkar waya ce mai kaurin kusan milimita biyu kwance a kan bonet. Saboda haka ake kifa wa bodi kwano ko kwali da zarar an gama feshi, kuma ana gudun ranar iska da ƙura. Hatta fenti mai ƙyalƙyali, in aka ɗauko na mota ta gaske, ƙwayoyinsa kan fito ɓaro-ɓaro.

Ƙarin kwalliya duk yaƙi ne da wannan matsala. Mazubi ba ya iya fitar da abu siriri yadda ya kamata, to sai mai haɗawa ya cire na kwali ya sa nasa. Wayar filogi mai kaurin milimita bakwai tana komawa kashi uku cikin goma na milimita, sai a huda ramuka da ɗan tsinken huji da ake murzawa da yatsu, a zura wayoyi. Masu tsanani har tsarin tashin filogi suke bi: a ƙaramin injin V8 na Chevrolet, 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, kuma akwai masu kallo da za su duba su ƙirga. Ragar gaban mota, da goge-gilashi, da ƙarfen bel, da faifan birki, ana samun su a siraran fallayen ƙarfe da aka zana da haske aka cinye sauran da sinadari. Da hantsaki ake ɗaukar su, kuma in ɗaya ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, sau da yawa sai dai haƙuri. Layukan azurfa na gefen taga da wata siririyar takardar alminiyon mai gam a baya ake yin su, a shimfiɗa, a danne da auduga, a bi gefen da sabuwar reza. Kafet ɗin ciki garin zare ake barbaɗawa a kan gam. Tsagar ƙofa kuma ana ƙara mata zurfi, a ɗiga tsinkakken baƙin fenti ya bi ta da kansa, don ido ya ga kamar ƙofar tana buɗuwa.

Akwai kuma masu bin akasin sheƙi, su mai da sabuwar mota akwala. Wata sananniyar dabara ita ce a fara fesa launin tsatsa, a yayyafa ruwa da gishiri, a fesa launin motar a kai, in ya bushe a karkaɗe gishirin, sai tsatsa ta leƙo tabo-tabo. Mai kyau a cikin irin wannan shi ne wanda ya san inda mota take fara ruɓewa, ƙasan ƙofa da bakin taya, ba wanda ya watsa tsatsa ko'ina ba.

Kasuwa da gasa

Kamfani ba ya yin samfurin mota sai da izinin mai motar, kuma biya ake yi, har da na sunan taya da tambarin mai. Dokokin hana tallar taba sun sa kwalayen motocin tseren Formula 1 na da suke zuwa babu tambarin sigari, ko da ainihin motar tana ɗauke da shi a jikinta, sai mai haɗawa ya nemi sitikar a wajen ƙananan masu bugawa. Irin waɗannan ƙananan masu sana'a su ne kuma suke zuba motocin da manyan kamfanoni suka ƙyale, da ruwan roba mai daskarewa ko da farin ƙarfe mai taushi. A 'yan shekarun nan na'urar ɗab'i mai fitar da abu da jikinsa ta shigo, mutum yana iya zana wili ko kafireta a kwamfuta ya fitar da ita a ɗakinsa.

IPMS, ƙungiyar masu haɗa ƙananan samfurorin roba ta duniya, wadda aka kafa a Ingila a 1963, tana da rassa a ƙasashe da yawa, kuma babban taronta na Birtaniya a garin Telford ake yinsa duk watan Nuwamba. Shizuoka tana yin nata baje kolin a watan Mayu. Alƙalan gasa ba yawan kwalliya suke fara dubawa ba. Da 'yar tocila suke zagayawa suna neman layin mazubi da aka manta, da tabon gam a gilashi, da ko tayoyin huɗu duka sun taɓa ƙasa.

Ajiya

Rana tana kashe launi, tana mai da farin fenti da sitika ruwan ɗorawa, zafi kuma yana lanƙwasa roba. Tayoyin wasu tsofaffin kwalaye suna fitar da wani sinadari da ke narkar da duk robar da suka jingina da ita, har a buɗe kwalin da ya shekara arba'in a rufe a tarar da shatin taya a kan gilashi. Tsofaffin motocin ƙarfe su ma suna da tasu cutar: in an samu dalma ta gurɓata tutiyar da aka zuba su da ita, ƙarfen yakan kumbura ya tsattsage har ya marmashe, kuma ba a san maganinsa ba. Dinky na kafin yaƙi da yawa ta haka suka salwanta.