Mai Rubuta Manhaja da Ke Cin Gashin Kansa a Ƙasar Sin: Me Ƙirƙirarriyar Basira Ta Ba Shi, Me Ta Karɓe?

Me ke sa mutum ya bar albashi mai tsoka a kamfani ya koma aikin kansa?

Gajiya da tsoro. Manyan kamfanonin fasaha na Beijin da Shenzhen da Hangzhou sun daɗe suna tafiya kan tsarin da ake kira 996: a shiga ƙarfe 9 na safe, a tashi 9 na dare, kwana 6 a mako. A watan Maris na 2019 masu rubuta manhaja suka buɗe wani shafi mai suna 996.ICU a GitHub, dandalin da masu manhaja ke ajiye aikinsu, suna cewa wannan aiki ɗakin masu jinya mai tsanani yake kai mutum. A watan Agustan 2021 Kotun Ƙolin ƙasar da ma'aikatar ƙwadago suka bayyana cewa tsarin ya saɓa wa doka. Amma hana abu a takarda daban, sauya ɗabi'ar ofis daban.

Tsoron kuwa na shekara 35 ne. A wannan sana'a, da mutum ya doshi wannan shekara sai a fara yi masa kallon wanda ya yi tsada kuma ba zai jure kwana a ofis ba. Da yawa ba su suka zaɓi fita ba, sallama ce ta fito da su, ga bashin gida, ga yara, ga tsofaffin iyaye.

To da ya fito, ina yake samun abin sawa a baki?

Hanya biyu ce. Ta farko kwangila: ya karɓi aiki a dandali irin su Zhubajie na birnin Chongqing ko Upwork, ko ta hannun tsofaffin abokan aiki. Da yawa daga aikin cikin gida ƙananan manhajoji ne da ke zaune cikin WeChat, babbar manhajar saƙonni ta ƙasar, waɗanda aka fara a Janairun 2017, misali na odar abinci ko na yin layin asibiti. Ta biyu, ya gina manhajar kansa ya sayar. Wannan ce burin kowa, kuma ita ce mai wuya. Su da kansu suna cewa sabon shiga ba ya wuce abu uku: manhajar rubuta bayanai, ta lissafin kashe kuɗi, da ta jerin ayyukan yini. Kasuwar kowacce ta cika maƙil.

Me ƙirƙirarriyar basira ta sauya a aikin nasa na kullum?

Ta rage masa jira da neman hannu. A da mai manhaja yana buƙatar mai zane, da mai fassara, da wanda ya iya ɓangaren da shi bai iya ba. Yanzu zai buɗe manhajar da ke taya rubuta manhaja da ƙirƙirarriyar basira, irin su Cursor ko Trae na kamfanin ByteDance, ya rubuta abin da yake so da Sinanci, na'ura ta zubo masa rubutun, shi kuma ya karanta, ya gwada, ya gyara inda ta yi shirme. Wasiƙar abokin ciniki daga Jamus ko Brazil ma ita za ta fassara masa, ta taya shi amsa.

Wani misali ya yi tashe a ƙarshen 2024. Wani mutum da bai iya rubuta manhaja ba ya yi amfani da Cursor ya haɗa wata 'yar manhaja da ke mayar da fuskar waya fitila mai launi don ɗaukar hoton kai. Ya sa mata yuan 1, ta haye saman jerin manhajojin da ake saye da kuɗi a App Store, kasuwar manhajoji ta Apple, a ƙasar. Ba a jima ba masu kwaikwayo suka yi mata caa. A ganina duk labarin yana cikin wannan: abin da ka gina da yamma ɗaya, wani ma zai gina shi da yamma ɗaya. Rubutun ya yi arha. Abin da ya yi tsada shi ne gane damuwar mutane da kuma sa su san da kai, shi ya sa za ka ga mai manhaja yana ɓata rabin yininsa a shafukan sada zumunta irin su Xiaohongshu ko X yana tallar abin da ya gina.

Mai kwangila ne ya fi jin jiki, domin mai ba da aiki ya ji labarin na'ura, sai ya zo yana tayin rabin kuɗi.

Ba an ce ChatGPT ba ya aiki a can ba?

Haka ne, ba a buɗe shi a hukumance ba, kuma a Yulin 2024 OpenAI, kamfanin da ya ƙirƙire shi, ya ƙara toshe hanyar masu haɗa manhajojinsu da shi daga Sin. Wasu na zagayawa ta VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Sai dai na gida sun taso: Qwen na Alibaba, Kimi, da DeepSeek na Hangzhou wanda ya fitar da samfurinsa R1 a Janairun 2025 da farashi mai rahusa ƙwarai. Ga mutum ɗaya da ke biyan komai daga aljihunsa, wannan rahusa ba ƙaramin abu ba ce.

Me ya sa da yawansu ke neman masu saye a ƙasashen waje?

A gida mutane ba su saba biyan kuɗin manhaja wata-wata ba, ga kuma takardu. Tun 2023 dole a yi wa kowace manhajar waya rajista da hukuma kafin ta shiga kasuwa, kuma dokar wucin gadi kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki ranar 15 ga Agustan shekarar. Kamfani yana da ma'aikatan da za su bi wannan, mutum ɗaya kuwa shi ne komai.

Wajen ma da nasa ƙaya. Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ba ya buɗe asusu ga kasuwancin da ke babban yankin Sin, don haka sai mutum ya yi rajistar kamfani a Amurka ko Ingila ko Hong Kong, ko ya bi ta dillali irin Paddle ya yanki nasa kaso. A yawancin ƙasashe Apple na ɗaukar kashi 30 cikin 100 na cinikin, ko 15 ga ƙananan masu sayarwa.

Yaya batun lafiya da tsufa?

Nan ne 'yancin yake da nauyi. Ma'aikacin kamfani ana raba masa kuɗin inshora da fansho tsakaninsa da kamfanin. Mai zaman kansa shi kaɗai zai biya, kuma fansho kawai kashi 20 cikin 100 ne na adadin da ya yi rajista a kai, ko an samu ciniki a watan ko ba a samu ba. Daga 2025 aka fara ɗaga shekarun ritaya a hankali, na maza daga 60 zuwa 63. Hukumar ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2021 kimanin mutum miliyan 200 ne ke irin wannan aiki marar albashi tsayayye, har da direbobi da masu kai saƙo.

Shi ya sa wasu ke tattara kwamfutarsu su bar manyan birane zuwa Dali a lardin Yunnan, ko Anji a Zhejiang, ko su koma garinsu na haihuwa, inda kuɗin haya ba zai cinye ribar wata ba. Mai dalar da ke shigowa kaɗan-kaɗan zai iya riƙe iyali a can, abin da ba zai yiwu masa a Shanghai ba.