Me taswira ke faɗa mana game da jama'a, siyasa da intanet?

Da yawa daga cikinmu a Katsina rabonmu da taswira tun darasin labarin ƙasa a sakandare. Yanzu kuwa kullum sai an turo wata a waya, ta zaɓe ko ta yawan jama'a, a hau gardama a majalisa. Ga tambayoyin da suka fi tasowa.

Shin taswirar duniya da ke manne a bangon aji daidai take?

Ba duka ba. Duniya a dunƙule take, ba a shimfiɗa ta a takarda sai an ja wani wuri an matse wani. Wadda muka fi sani ta samo asali daga zanen Gerardus Mercator na 1569, wanda ya yi don matuƙan jiragen ruwa. A wannan zane, duk yankin da ya yi nisa da tsakiyar duniya kumbura yake yi. Shi ya sa tsibirin Girinlan ke fitowa kusan daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. Abin yana damuna, domin yaron da ya taso yana kallon wannan zane zai ɗauka nahiyarsa ƙarama ce.

Ƙasa mai faɗi ita ce mai yawan mutane?

A'a. Dubi maƙwabciyarmu Nijar: yankin Agadas ya cinye fiye da rabin ƙasar, amma mafi yawan mutanenta suna kudu, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso, inda damina ke ba da gero. A Masar kusan kowa a bakin kogin Nilu yake zaune. Ruwa ke tara mutane. Don haka taswirar jama'a ke amfani da ɗigo ko launi mai duhu inda aka cunkushe.

Sai dai taswira ba ta wuce alƙaluman da aka ba ta. Ƙidaya ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, lokacin da aka ce mutanen jihar Katsina sun kai kusan miliyan 5.8. Duk adadin da ka gani bayan nan hasashe ne, kuma da hasashen nan ake tsara ajujuwa da gadajen asibiti.

Ina ruwan taswira da siyasa?

Bayan zaɓe za ka ga an shafe jihohi da launin jam'iyyu, ido ya ɗauka mai launi mafi yawa shi ya tara ƙuri'a. Amma jihar Neja ce mafi faɗi a Najeriya, Legas ce mafi ƙanƙanta, kuma masu rajista a Legas sun ninka na Neja. Daji ba ya jefa ƙuri'a.

Babban misalin ma yana ƙofar gidanmu. Layin da ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Damagaram, Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Maraɗi kuwa zuriyar sarakunan Katsina ce ta zauna ta bayan jihadi, har yau sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran sa. A takarda siririn layi ne. Amma da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mutanen Magamar Jibiya da Kwangwalam sun ji a jikinsu: ciniki ya tsaya, zumunci ya yi wuya, alhali yare ɗaya ne, kakanni ɗaya.

To fasahar zamani fa?

Akwai taswirar manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, kuma yawancin na Najeriya a Legas suke fitowa tudu. A watan Maris na 2024 wasu daga cikinsu sun lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har hada-hadar banki ta cije. Wanda ya taɓa ganin taswirar bai yi mamaki ba.

Wani amfanin ya fi kusa da mu. A yaƙi da cutar shan inna a Arewa, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen gano rugage da ƙauyukan da ba su cikin taswirar hannu ta ma'aikatan rigakafi. Ƙauyen da ba a zana ba, ba a kai masa allura. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

In an turo mini taswira a WhatsApp, me zan fara dubawa?

Duba wanda ya zana ta da shekarar alƙalumanta. Karanta ɗan akwatin da ke bayyana ma'anar kowane launi. Sannan ka tambaya: jimilla aka nuna, ko kason kowane mutum dubu? Kano za ta fi Katsina yawan masu waya ko masu rashin lafiya, tun da ta fi ta mutane, kuma wannan kaɗai bai nuna inda abin ya fi tsanani ba.