Ma'anar PCD a wilin tsofaffin motocin a-kori-kura

Duk wanda ya taɓa neman wilin tsohuwar Hilux ko Datsun a kasuwar kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya san tambayar farko da mai shago zai yi masa ita ce: mai noti nawa? Tambayar tana kan hanya, amma ba ta wadatar ba, domin wili biyu suna iya zama masu huda shida-shida, ɗaya ya zauna daram, ɗayan kuma ya ƙi shiga ko kusa. Abin da ke raba su shi ne ma'aunin da ake kira PCD.

PCD shi ne faɗin da'irar da za a samu idan aka zana layi ya ratsa ta tsakiyar kowace hudar noti. Ana rubuta shi da lamba biyu, misali 6x139.7, inda ta farko ke nuna yawan huda, ta biyu kuma faɗin da'irar a milimita. Wannan ɗigo bakwai da ke ƙarshe ya samo asali ne daga awon inci, domin 139.7 inci biyar da rabi ne cif, kamar yadda 114.3 yake inci huɗu da rabi.

Yawancin ƙananan a-kori-kura na Japan sun taru ne a kan 6x139.7. Datsun 620 da ta fito a 1972, da 720 da ta gaje ta, da Nissan D21, duka wannan ma'auni suke ɗauke da shi, haka ma Hilux mai jan ƙafa huɗu. Tsohuwar Hilux mai jan ƙafar baya kawai kuwa huda biyar gare ta, 5x114.3, daidai da Ford Ranger ta Amurka da aka fara a samfurin 1983, alhali Chevrolet S-10 tana kan 5x120.65. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa da Nissan Navara D40 ta 2005, wadda ita ma huda shida gare ta amma a kan 114.3, don haka wilinta ba ya hawa tsohuwar Nissan duk da cewa kamfani ɗaya ne ya ƙera su.

Awon ba shi da wuya. A wili mai huda shida, sai a ɗora ma'auni daga tsakiyar huda ɗaya zuwa tsakiyar wadda ke fuskantarta. Mai huda biyar ba shi da huda mai fuskantar wata, saboda haka sai a auna tsakanin maƙwabta biyu a ninka da 1.701, idan tazarar ta kai wajen milimita 67, to 114.3 ne. A ganina haɗari mafi girma yana wurin wilin da ya kusa dacewa, irin 5x112 a kan ƙafa mai 5x114.3, domin da ɗan matsi zai shiga, amma notin zai zauna a karkace, sitiyari ya riƙa rawa, kusoshin kuma su yi ta shan nauyi ta gefe har wata rana su karye da kaya a bayan mota. Al'adar gurza huda da abin goge ƙarfe don wilin ya shiga ganganci ne da rai, kuma bai kamata bakanike ya yarda da shi ba.

Ko PCD ya yi daidai, akwai sauran abin dubawa. Ramin tsakiyar wilin Hilux mai huda shida ya kai kusan milimita 106, na D21 kuwa wajen 100 ne, shi ya sa wilin Toyota ke hawa Nissan amma na Nissan ba ya hawa Toyota. Zaren noti ma ya bambanta, Toyota M12x1.5, Nissan M12x1.25, inda lamba ta ƙarshe ke nuna tazarar zaren a milimita, kuma tilasta ɗaya a kan ɗaya yana cinye zaren kusa nan take. Sai lambar ET, wadda ke nuna yadda wilin ke shigewa ciki ko fitowa waje, kuma idan ta yi yawa taya na iya gugar jikin mota ko wilin ya taɓa birki. Ita wannan lamba, tare da girman wilin kamar 14x5J, wato tsayin inci 14 da faɗin inci 5, galibi a buge suke a jikin ƙarfen, kuma a tsohon wili sai an kankare tsatsa da fenti kafin su fito.