Me ya sa turi daga dis dur yake cin lokaci haka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu turi a kasuwar Dole yana jiran a zuba masa fim a kile, ya san yadda koren layin nan yake jan ƙafa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda matasa masu turi da ɗaliban Jami'ar André Salifou suka fi kawo mini a kan faifan ajiya na waje, wato dis dur, da kile da katin memori.

Malam, na sayi sabon dis dur amma turi bai ƙara sauri ba. An cuce ni ne?

Da wuya. Kafin ka koma wa mai kaya da faɗa, duba inda ka soka shi. Abu huɗu ne suke tafiya tare a kowane turi: faifan, igiyarsa, kafar USB ta kwamfuta, da wurin da ake zubawa. Kamar ayari ne, raƙumin da ya fi gajiya shi ke yanka wa kowa tafiya.

USB 2.0 ta fito a 2000, a takarda tana ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, amma a aikace ba ta cika wuce mega 30 zuwa 40 a daƙiƙa ba (mega ɗaya, wato megabait, megabit takwas ne). USB 3.0 ta 2008 tana kai gigabit 5. Dis dur mai juyawa, irin ƙaramin nan na aljihu, yakan ba da wajen mega 100 zuwa 130 idan ya sami kafa mai kyau. Ɗauki jiga 20 na fina-finai: a tsohuwar kafa za ka yi kusan minti goma, a sabuwa minti uku. Faifai ɗaya ne, kafa kawai aka sauya.

Kafar 3.0 yawanci cikinta shuɗi ne, ko ka ga an rubuta SS a gefenta. A tsofaffin kwamfutocin tebur, na gaba sau da yawa 2.0 ne, masu saurin suna baya inda ƙura ta rufe su.

Igiya ma tana da laifi?

Nan ma gizo ke saƙa. Igiyar dis dur ta asali bakinta mai faɗi ne, kamar baki biyu aka haɗa. Idan ta ɓace sai mutum ya ɗauko ta cajin waya ya cusa a rabin ramin. Za ta yi aiki, shi ya sa ba a ganewa, amma ka koma saurin 2.0 ke nan. Haka USB-C: siffar baki ce kawai, igiyoyin caji da yawa masu wannan baki 2.0 ne a ciki. Ga kuma maganar wuta. Tsohuwar kafa miliampiya 500 take bayarwa, 3.0 kuwa 900. Idan ka jera faifai biyu da wayoyi uku a kan abin rarraba kafa marar tasa wutar, za ka ji faifan yana ƙas-ƙas, yana ɓacewa yana dawowa.

Me ya sa fim ɗaya mai jiga 2 yake riga hotunan biki masu jiga 2 gamawa?

Kowane fayil sai an buɗe masa wuri, an rubuta sunansa, an rufe. Buhu ɗaya na gero da tiya arba'in a leda daban-daban ba lodinsu ɗaya ba. Dunƙule ƙananan a zip kafin turi. Kuma kada ka saki turi uku lokaci guda a dis dur mai juyawa, allurarsa ɗaya ce, kai-kawo kawai za ta yi ta yi.

Kile ya ƙi karɓar fim alhali akwai wuri. Ya aka yi?

Tsarin FAT32 ne, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai jiga 4. A mayar da shi exFAT, wanda Windows da Mac duka suke karantawa. Sai dai fomatin yana share komai, a kwashe kaya tukuna. Wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota FAT32 kaɗai suka sani.

Na ji akwai wani saiti a Windows da ke ƙara sauri.

Akwai. Tun daga Windows 10 sigar 1809, faifan waje yana zuwa a kan saitin da kwamfutocinmu masu Faransanci suke kira Suppression rapide. Idan ka shiga Gestionnaire de périphériques, ka buɗe bayanan faifan, a shafin Stratégies za ka iya zaɓar Meilleures performances. A nan kwamfuta takan riƙe bayanai a ƙwaƙwalwarta ta rubuta daga baya. Ni dai ba na ba wa mai kwamfutar tebur wannan shawara a garin nan. Wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu, ko yaron shago ya fizge igiya bai yi Éjecter ba, fayil ya lalace. Ɗan saurin da aka samu bai kai wannan asarar ba.

Turi yakan fara da gudu, can sai ya koma tafiyar hawainiya.

Kile da SSD (faifan ajiya marar juyawa) da yawa suna da ɗan wurin ajiya mai sauri. Da ya cika sai ainihin ƙarfinsu ya fito. Zafi ma yana sa SSD rage gudu da kansa don kada ya lalace, kuma a watan Afrilu da Mayu, ƙarƙashin rufin kwano a Damagaram, ba sai an yi bayani ba. Idan kuwa kile mai arha ne da aka rubuta masa jiga ɗaruruwa, gwada shi da manhajar H2testw, ta cika shi ta karanta, ƙaryar girma za ta tonu.

To in sayi SSD kawai?

Idan turi ne abincinka kuma kwamfutarka tana da kafar 3.0, saya: zai ba ka wajen mega 400, jiga 20 ɗin nan a ƙasa da minti ɗaya. Amma katin memorin abokin ciniki, irin mai lamba 10 a jikinsa, mega 10 kawai ya yi alkawari. Shi kam cire shi daga wayar ka sa a abin karanta kati, ya fi turi ta cikin waya sauri.