Rayuwa da Cutar Sikila a Karkarar Kano da Jigawa

Sikila, ko amosanin jini, cuta ce ta gado da ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su zama kamar lauje, su riƙa maƙalewa a ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Wannan ke kawo ƙarancin jini da ciwon gaɓoɓi. Sai yaro ya gado ta wajen uwa da uba duka: idan su biyun AS ne, wato suna ɗauke da gadon cutar amma ba ta kama su ba, kowane ciki da aka samu yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai cutar. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda ake ƙiyasin haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara.

Binciken Garki

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Gwajin jinin da aka yi ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai SS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara tara da ƙyar ake samun ɗaya. Ba warkewa suka yi ba. Rasuwa suke yi tun suna ƙanana, galibi ba tare da an san sunan abin da ya ɗauke su ba, kuma a irin gidajen nan ne akan ji ana zancen wabi. Rigakafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi sun sa yau masu sikila da yawa suna girma har su yi iyali.

Hunturu, bazara da damina

Mai sikila a ƙauye da yanayi yake lissafin lafiyarsa. Sanyin hunturu na tsuke jijiyoyi, ciwo ya tashi, shi ya sa uwa ke dafa ruwan wanka da na alwala, ta ajiye rigar sanyi da safa tun kafin iska ta juyo. A bazara ƙishirwa ce abokiyar gaba: jini na yin kauri idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ga rijiya da nisa. Damina ta fi su duka wuya, don sauro ya yi yawa, ruwan sama na dukan yaro a hanyar gona, rumbu ya yi ƙasa, hanyar asibiti kuma ta lalace. Saurayin da ba ya iya noman huɗa kamar tsararsa yakan sha gorin ragwanci, alhali jikinsa ne ba ya samun isasshiyar iska. Da yawa sukan koma ɗinki, tireda ko kiwon awaki a gida. Azumi ma sai an tuntuɓi likita, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Jinya a gida

Kusan duk nauyin yana wuyan uwa. Ita ke fara ganin kumburin hannu da ƙafa, wanda yakan bayyana bayan jariri ya kai wata shida. A asibiti ana koya mata ta ja fatar idon yaro ƙasa ta duba ko ciki ya yi fari fat, ta kalli tafin hannunsa, sannan ta shafa gefen hagu na cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari ta ji ko saifa ta ƙara girma. Saifar da ta kumbura farat ɗaya tana iya janye jinin yaro cikin sa'o'i kaɗan. Magungunan yau da kullum su ne folik asid, maganin kariya daga zazzaɓin sauro, da fenisilin ga 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙaramin ciwo akan lallaɓa shi da farasitamol, ruwa mai yawa da gashi da tsumma mai ɗumi.

Zazzaɓi, numfashi sama-sama, ko mutuwar ɓarin jiki ba na zaman gida ba ne. A nan ake yawan yin sake: a fara da jiƙo, a je kyamis, sai dare ya yi a nemi mai babur. Tsaga da ƙaho na rage jinin da dama bai isa ba. Allurar kashe ciwo ta fenta kuma, da wasu ke saye ba da takardar likita ba, tana kama jiki ta bar gyambo.

Asibiti

Manyan wuraren kula da masu sikila suna birni: Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Murtala, Asibitin Yara na Hasiya Bayero, sai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Binciken da likitocin Kano suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna maganin haidroksiyuriya na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran da awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗari. Ga mutumin ƙauye, kuɗin mota da na gwaji da neman ɗan'uwan da zai ba da jini sukan cinye akuya ko buhun gero.

Aure

Auren zumunci ya yawaita a karkara, kuma sau da yawa sai an kai kuɗi ake tuna gwaji, lokacin da fasawa ta zama abin kunya tsakanin dangi. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, har da na rukunin jini na gado. Mai SS na iya auren mai AA, wato wanda ba ya ɗauke da gadon cutar, 'ya'yansu duka su zo AS. Mace mai sikila idan ta samu juna biyu tana buƙatar fara awo da wuri, ta kuma haihu a asibitin da ake iya ƙarin jini.